Birki kafin totur: Ina ya kamata kuɗin mai mota ya fara zuwa?

Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a majalisun masu mota, musamman matasan da suka yi sabuwar shiga. Mutum ya yi tari na shekaru ya sayi 'yar Kwatanonsa, ya biya kuɗin kwastan, ya yi lamba, 'yan kuɗi sun rage masa a hannu, sai ya shiga tambayar me zai fara sa wa motar don ta ƙara lafiya a kan hanya. Amsoshin da yake samu kusan ba sa sauyawa. Wannan ya ce a sauya salansa a sa mai rugugi, wancan ya ce a ɗora manyan rim, na uku ya ce a fasa tukunyar salansa a cire abin nan da kanikawa ke kira indomi, na huɗu kuma, wanda ya fi su zama a intanet, ya ce a kai ta a taɓa mata ƙwaƙwalwa.

Ni a ganina duk waɗannan shawarwari sun fara ne daga ƙarshe. Duk kwabon da za a kashe don ƙara wa mota ƙwazo, wajibi ne ya fara sauka a kan abin da ke riƙe ta a ƙasa da abin da ke tsayar da ita, wato taya da birki, sannan ƙafafu, sannan a dawo wa inji da ƙarfin da tsufa da sakaci suka ƙwace masa. Ƙarin ƙarfi na gaske shi ne na ƙarshe a layi, kuma yawancin masu mota a ƙasar nan ba za su taɓa bukatarsa ba. Bari in kawo dalilaina.

Tun da Bature ya zaɓi ya auna ƙarfin inji da ƙarfin doki, to a fagen doki kam ba mu da malami. Duk wanda ya taɓa kallon jafi a hawan sallah ya san inda gwanintar take. Mahaya suna sakin dawaki a guje daga nesa, ƙura ta tashi, amma abin da ke sa jama'a su ɗauki sowa shi ne yadda za su ja linzami su tsaya cak a gaban sarki, su ɗaga hannu su yi jinjina. Sukuwa kowane doki mai ƙoshi yana iya yi. Barde ba ya sayen ƙaimi kafin ya tabbatar da linzami da majanyin sirdi. Haka mota take, aikinta uku ne: ta tashi, ta karya kwana, ta tsaya. Mu kuwa idan ana maganar ƙarfin mota, na farkon kawai muke nufi, alhali biyun da muka manta su ne ke mayar da mutum gida ga iyalinsa.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa ɗaya tana cin kusan mita 28 a kowane sakan, wato kafin ƙafarka ta bar totur ta isa birki ka riga ka shafe tsawon gidaje biyu ko uku. Bayan an taka birkin kuma, tazarar da mota ke bukata kafin ta tsaya ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar tana ninkawa sau huɗu ne. A ɗauki motoci biyu iri ɗaya, ɗaya tana 100, ɗaya tana 120, suka hango tirela ta gindaya hanya, suka taka birki a wuri guda. A daidai inda ta farko za ta tsaya cak, ta biyun tana sauran gudun kilomita 66, kuma da wannan gudun za ta afka wa abin da ke gabanta. Ribar wannan kasada kuwa? A tafiyar kilomita 200, kusan tsawon hanyar Kaduna zuwa Abuja, minti 20 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa a hatsari da kusan kashi 4 cikin 100. Dokar hanya a Nijeriya ma ta tsayar wa ƙananan motoci kilomita 100 a babbar hanya mai tagwayen hannu, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari, kuma babu motar zamani da ba ta iya wannan da sauran ƙarfi a ajiye.

To mu fara da taya. Mota mai nauyin tan ɗaya da rabi, da fasinjojinta da kayanta, tana taɓa kwalta ne a wurare huɗu, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba. Ƙarfin inji, ƙarfin birki, juya sitiyari, duka ta nan suke bi. Idan robar nan ta tsufa ko ta cinye, to ko injin jirgin sama aka sa wa motar, a banza. Abin takaici shi ne taya ce abin da muka fi yi wa rowa. Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, kuma kasuwa ta cika da tsofaffin tayoyin da Turawa suka yar, duk da cewa suna cikin jerin kayan da dokar kwastan ta hana shigowa da su. Daga cikinsu har da tayoyin hunturu, masu tambarin dutse da ƙanƙara a gefe, waɗanda aka yi robarsu da laushi don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. Ka ɗauki irin wannan ka ɗora ta a kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ai ka san ka ɗauki aradu da ka.

Taya tana faɗin tarihinta ga wanda ya iya karantawa. A gefenta akwai rubutun da ke farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 yana nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tana gargaɗin kada taya ta wuce shekara huɗu. Wasu kamfanonin da ke ƙera ta suna ba da wa'adin da ya fi haka, amma a irin zafinmu da ramukanmu gara mutum ya tsaya kusa da lissafin hukumar. Akwai kuma rubutu irin 205/55 R16 91V. Lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu tsayin gefenta a kan faɗin, 16 girman rim a inci, 91 nauyin da za ta iya ɗauka, wato kilo 615, harafin ƙarshe kuma iyakar gudunta: T kilomita 190, H 210, V 240. Ana kuma rubuta juriyarta ga zafi da A ko B ko C, kuma a ƙasarmu A ta fi dacewa. Cikin zanen tayar akwai 'yan tudun roba da aka dasa. Duk ranar da zanen ya cinye ya yi daidai da su, saura milimita 1.6, tayar ta gama aiki. Idan kuɗin biyu kawai gare ka, sababbin su tafi baya, domin idan gaba ya zame direba yana iya gyarawa da sitiyari, amma idan baya ya ƙwace sai yadda hali ya yi. Iska kuma a bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 35, a auna da safe kafin taya ta ɗauki zafi. Masu faci da yawa suna ɗura 45 ko 50 da sunan taya ta yi tauri, ba su san sun rage wurin da take kama kwalta ba.

Wanda ke ganin wannan magana ta talaka mai tsohuwar mota ce, ya tuna ranar 6 ga Maris, 2016. A ranar ce ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansu suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, cikin babbar Lexus wadda ba ta rasa ƙarfin inji ba ko kaɗan. Binciken FRSC ya nuna gudu ya wuce ƙa'ida, kuma tayar baya ce ta fashe. Allah Ya kiyaye mu, amma darasin a fili yake.

A nan ne ya kamata in taɓo batun manyan rim, domin mutane da yawa suna ɗaukar su a matsayin ƙarin ƙwazo. Idan aka cire rim mai inci 16 aka sa mai 18 ko 19, dole gefen taya ya gajarta don ta shiga mazauninta. Gajeren gefe yana da amfani a santsin kwaltar Jamus, inda yake sa mota ta amsa sitiyari da sauri. A hanyar da rami ke jiran mutum a kowace kwana kuwa, gefen nan mai tsayi shi ne matashin da ke shanye duka. Idan babu shi, rim ya lanƙwashe, taya ta yi ƙari, ta fashe. Ga shi kuma yawancin manyan rim na kasuwa sun fi na asali nauyi, don haka motar ta ƙara nawa wajen tashi, ta ƙara shan mai, idan kuma girman tayar gaba ɗaya ya sauya, malejin ya fara yi wa direba ƙarya. Ado ne, kuma ba laifi mutum ya so ado, amma ya san cewa ado ya saya.

Na biyu shi ne birki. Ba sai an sayo manyan faifai masu huji da jan fenti ba; birkin da kamfani ya sa ya isa, matuƙar yana da lafiya. Abin dubawa shi ne kaurin takalman birkin da ingancinsu, da faifan ko ya ci ko ya karkace, da robobin da ke kai mai ko sun tsattsage. Sai kuma abin da kusan kowa ke mantawa, man birki. Wannan mai yana zuƙar laima daga iska a hankali. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma idan suka sha ruwa sai su sauko zuwa 140 da 155. Mutum yana gangarowa daga tsaunukan Filato ko Mambila da kaya, ƙafarsa a kan birki, man ya yi zafi ya tafasa, ya zama tururi, sai ya taka ya ji feda ta nutse har ƙasa babu komai. Abin da muke kira tsinkewar birki sau da yawa ke nan. Maganinsa sauya man duk shekara biyu, kuma kuɗinsa bai kai na cika tanki ba. Haka nan idan fitilar ABS ta kama a gaban direba, gyara take nema. Wasu masu wayarin suna cire ƙwan fitilar ko su liƙe ta don mai mota ya daina gani, alhali wannan na'ura ita ce ke hana taya ƙullewa, ta bar wa direba ikon kauce wa abin da ke gabansa yana kan taka birki.

Na uku, ƙafafun mota: shokozoba, boljoyin, tayarod, bushin, da saitin ƙafa. Mutane suna ɗauka aikin shokozoba jin daɗin zama ne kawai. Babban aikinsa shi ne danne taya a ƙasa. Idan ya mutu, taya tana tsalle a kan gargada, kuma duk lokacin da take sama, babu birki babu sitiyari. Iyayenmu sun san darajar wannan. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975 injinta na lita biyu bai kai ƙarfin doki 100 ba, ƙasa da na ƙaramar Corolla ta yau, amma ta mallaki hanyoyin Afirka shekaru da dama, har irinta ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Abin da ya ɗaga ta shi ne ƙafafu masu dogon numfashi da ke shanye rami, da tazara mai kyau tsakaninta da ƙasa, da ƙashi mai ƙwari. Saboda haka idan na ga matashi ya sa an yanke sifirin don motarsa ta kwanta ƙasa kamar ta tsere, sai in tuna yawan tudun rage gudun da ke tsakanin gidansa da kasuwa, da ranar da ɗaya daga cikinsu zai fasa masa tukunyar baƙin mai.

Kusa da wannan akwai gani. Mai tafiyar dare ba ya iya tsayawa don abin da bai hango ba. Gilashin fitilar da ya yi hazo a goge shi, a saita fitilun su kalli hanya, a sauya robar goge gilashi kafin damina. Amma cusa ƙwai mai tsananin haske cikin gidan fitilar da ba don shi aka yi ba yana watsa hasken ne cikin idon mai tahowa, ka makantar da mutumin da ke nufo ka da gudu, ku biyun duka kuna cikin haɗari.

Sai yanzu muka iso ga inji, kuma a nan ma akwai mataki kafin mataki. Ɗauki Corolla mai lita 1.8 ta tsakanin 2003 da 2008, wadda ta cika titunanmu. Ta fito daga kamfani da ƙarfin doki wajen 130. Bayan shekara ashirin da dubban ɗaruruwan kilomita, da wuya a ce dukansu suna nan. Matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, fulogi sun ci, nozul sun yi datti, famfon mai ya gaji, na'urar auna iska ta yi dauɗa tana ba ƙwaƙwalwa labarin ƙarya, man giya bai taɓa ganin sauyi ba. Mai motar yana jin ta yi nauyi, sai ya tafi neman ƙarin doki goma daga waje, alhali nasa na cikin gida suna ɗaure. A fara da sa mata na'urar bincike a ga abin da take kuka da shi, a sauya abin da ya mutu da kayan kirki. Wanda ya san Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san kowane kaya yana da daraja uku ko huɗu a can, kuma araha ba ta ado. Baƙin mai ma a bi abin da kamfani ya rubuta. Injin da aka ƙera don siririn mai irin 5W-30, idan aka ɗura masa mai kauri irin 20W-50 da hujjar ƙasarmu da zafi, man yana jinkirin isa lungunan da ke bukatarsa da safe, injin kuma yana wahalar juya shi.

Akwai wata al'ada da ta zama kamar doka a garejinmu: mota tana sauka, a cire mata tamostat, a haɗa fankar lagireto kai-tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, a zubar da ruwan sanyaya inji a cika da ruwan rijiya. Hujjar ita ce an yi motar don ƙasar sanyi. Amma inji an tsara shi ne ya yi aiki a zafin da ke kusa da digiri 90, a Kanada yake ko a Katsina, kuma tamostat ne ke tsare masa wannan ma'auni. Idan aka cire, injin ya daɗe bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da zuba mai fiye da kima. Ruwan rijiya kuma ya kawo tsatsa da gishiri su toshe lagireto, sai zafin da ake gudu ya zo ta bayan gida. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai, babu mai mota da ke da rarar da zai riƙa ƙona fetur don kawai bakanike ya gaji wata al'ada daga maigidansa. Mayar da tamostat, wanke lagireto, sabon murfi da ruwan sanyaya na gaske, ƙarin ƙwazo ne da ake gani a aljihu.

To, ina matsayin abubuwan da majalisa ta fara lissafowa? Salansa mai rugugi ƙara take ƙarawa. Kunne ne ke gaya wa direba motar ta ƙara gudu, agogo bai shaida ba. Indomin da ake fasawa matata ce mai ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, aikinta rage gubar hayaƙi. Idan ta toshe da gaske tana shaƙe inji, kuma a sauya ta. Amma lafiyayya ba ta tare wani ƙarfin a zo a gani, kuma ya kamata mai mota ya tambayi kansa me ya sa ake ɗokin cire masa ita, kuma ina garin ke tafiya bayan an fasa. Abin da ya rage masa shi ne fitilar gargaɗi da ba ta mutuwa, da hayaƙin da 'ya'yansa ke shaƙa a tsakar gida kowace safiya. Buɗaɗɗiyar matatar iska mai siffar mazurari kuwa, idan aka ɗaura ta cikin bonet, iska mai zafi take zuƙa, wadda ta fi ƙarancin abin da wuta ke bukata, ga ƙurar da take bari ta wuce tana goge cikin inji kamar sanfefa.

Sauya lissafin ƙwaƙwalwa shi ne ya fi kama da gaskiya a cikinsu. A injin da ba shi da turbo ribar kaɗan ce ƙwarai. A mai turbo ana samun ƙari na sosai. Sai dai yawancin waɗannan lissafe-lissafe an rubuta su ne don fetur mai lamba 95 ko 98 da ake zaɓa a gidajen man Turai. Mu a nan famfo ɗaya ne, abin da ya fito shi za ka sha, kuma wanda ya tuna gurɓataccen man da ya lalata motoci a farkon 2022 ya san ba kullum ake samun abin da aka biya ba. Injin da aka matsa wa lamba, ya haɗu da raunanan mai da zafin rana, sai ya fara ƙwanƙwasa daga ciki, ƙarshenta fistin ko gasket su tafi. Ko da komai ya tafi daidai, iska tana da nata haraji: ƙarin kashi 10 cikin 100 na ƙarfi ba ya ƙara ƙarshen gudun mota sai da kusan kashi 3. Kafin a kai nan ma, akwai ƙarin ƙwazo na kyauta: a sauke tarkacen da ke kwana a but, a cire kariyar da ke kan rufi idan ba a amfani da ita, a daina ɗaura wa ƙaramar mota ƙaton ƙarfen gaba.

Na san akwai masu hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan raina ta ba. Za su ce a hanya mai hannu ɗaya, inda tireloli ke jere, ƙarfin wuce mota shi ne tsira, domin duk sakan ɗin da ka ƙara a hannun da ba naka ba kasada ne. Wasu kuma za su ce a zamanin nan da wasu hanyoyinmu suka zama abin tsoro, mutum yana son motar da idan ya taka za ta amsa. Gaskiya ne. Amma motar da aka yi wa gyaran da na lissafa tana amsawa, musamman idan direba ya san ya sauko da giya kafin ya fita, maimakon ya danne totur a babbar giya yana jiran abin mamaki. Idan kuma tazarar ba ta isa lafiyayyar mota ta wuce ba, doki goma ba za su cike giɓin ba, haƙuri ne zai cike. Game da hanyoyin tsoro kuwa, abin da ya fi jefa matafiyi cikin hannun miyagu shi ne tsayawar dole: taya ta fashe a daji, inji ya tafasa, famfon mai ya ɗauke. Motar da ba ta tsayawa sai inda mai ita ya so ta fi mai gudu amfani a irin wannan hanya.

Saura direba, wanda shi ne kayan da ya fi kowanne tasiri kuma ba a sayar da shi a kasuwa. Mutum nawa ne cikin masu neman ƙarin ƙarfi suka taɓa gwada taka birki da iyakar ƙarfinsu a fili marar jama'a, don su san yadda ABS ke bugun ƙafa kada su firgita su saki ranar da bukata ta zo? Nawa ne suka san cewa idan taya ta fashe ana riƙe sitiyari da hannu biyu ne, a saki totur a hankali, a guji danna birki har sai gudu ya ragu? Nawa ne ke ɗaura bel ba don sun hango jami'ai ba? Sha'awar gudu ba aibi ba ce, jinin samartaka ne, kuma wasan mota da ake yi a bukukuwa da titunan unguwa yana nuna akwai matasa masu baiwa. Inda ya zama aibi shi ne yin sa a tsakiyar 'yan kallo da yara, da tayoyin da suka cinye. Da gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni za su keɓe fili mai shinge, da ƙa'idoji da motar asibiti a gefe, da an raba wannan sha'awa da makoki, kuma a can ne mai son taɓa ƙwaƙwalwar mota zai sami wurin da aikinsa ke da ma'ana.

Saboda haka ga wanda ke riƙe da 'yan kuɗinsa yana tunanin inda zai fara, ga jerin a taƙaice: tayoyi huɗu sababbi masu kwanan wata na kusa, da ta safaya mai lafiya, birki da mansa, ƙafafu da saiti, fitilu, sannan cikakken gyaran inji da na'urar sanyaya shi. Idan ya kammala waɗannan, ya hau motar wata guda. Mafi yawan mutane za su tarar ƙarfin da suke nema dama yana nan, rashin kulawa ne ya ɓoye shi. Wanda kuma bayan haka har yanzu yake jin motar ta yi masa kaɗan, shawarar da ta fi sauƙi a aljihu ita ce ya sayar ya sayi wadda kamfani ya ƙera da babban inji, domin ita an auna birkinta da giyarta da lagiretonta daidai da ƙarfinta tun daga tushe. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.